Hotona a Kan Kantar Wani Shago a Batha

Assalamu alaikum Edita, da dukan masu bibiyar wannan fili. Na daɗe ina karanta wasiƙun da mata 'yan'uwana suke aiko muku, ina taɓe baki ina cewa kowa da irin tasa wautar, alhali ni ma ga tawa nan na dunƙule na zauna a kai. Yau dai na gaji da zaman. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan ambaci na kowa ba, domin duk waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da biyar, shekarata biyu da aure, muna zaune a Riyad, a unguwar Nasim, hawa na biyu na wani bene. Maigidana injiniya ne a wani kamfanin gine-gine da ke aiki a Dir'iyya, can gefen gari. Ni kuwa biyo shi na yi a kan iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, kuma irin wadda aka ba ni ba ta yarda in yi aiki ba, duk da digirin da na sha wuya na yi a gida. A waɗannan shekarun mace ba ta tuƙa mota a can. Saboda haka idan ya fita bayan sallar asuba, ƙofar nan ba ta sake buɗewa sai gab da magariba, ya shigo da ƙurar siminti har a gashin ido, ya ci abinci yana gyangyaɗi. Allah bai kawo haihuwa ba tukuna. Kafin ƙarfe tara na gama shara da wanke-wanke, sauran yinin kuma sai in yi ta zagaye falo kamar kazar da ta rasa inda za ta saka ƙwai. In zauna, in tashi, in buɗe firji in rufe, in kira Mama a gida har sai ta ce mini tana da aiki. Tagogin gidan ƙanana ne, in ka leƙa ba abin da za ka gani sai bangon maƙwabta.

Kuma gaskiya ni mace ce mai son kwalliya, mai son a gani a yaba, ban taɓa ɓoye wannan ba. A gidanmu in za a je biki ni ce ta ƙarshen fitowa, ana ta danna mini hon ina can ina gyara ɗaurin ɗankwali. To ga ni da akwatunan lefe shaƙe da leshi da atamfa da shadda, amma duk inda za mu je sai in lulluɓe su da baƙar abaya. Sau da yawa nakan ci ado tsaf da tsakar rana, in tsaya gaban madubi in juya hagu in juya dama, sannan in tuɓe in ninke in mayar akwati, ba wanda ya gani. Maigidan mutumin kirki ne, bai rage ni da komai ba, amma ba mai yawan magana ba ne. In na yi kwalliya dominsa, iyakarsa ya ce masha Allah yana cire safa.

A hawa na ƙasa akwai wata 'yar garinmu da ta girme ni da kusan shekara goma, ina ce mata Anti. Mijinta direba ne a gidan wani Balarabe, kuma abokin maigidana ne. Tare suke zuwa Batha ranar Juma'a, tsohuwar kasuwar tsakiyar gari inda mazan Najeriya ke haɗuwa bayan masallaci su aika saƙo gida, su ci abinci, su sha hira. Anti tana sayar da abaya. Takan sari yadi ta ba tela ya ɗinka, ta sa hoton a shafinta na intanet, mata su saya. Wata safiya ta hauro da kayanta ta ce in gwada mata wata, ina sawa ta tafa hannu ta ce ai don ni aka yi abaya, tsayin nan nawa asara ne a bar shi a ɗaki. Wai abayar da aka rataye a ƙofar kabad ba ta sayuwa kamar wadda mutum ya sa. Ta nuna mini shafukan manyan masu sayarwa na garin, duk hotunan mata ne daga wuya zuwa ƙasa, an yanke kan. Haka ake yi a can, ba a nuna fuska. Na ce bari in tambayi maigida, ta ce in tambaye shi me, hoton da ko Mama ba za ta gane ni a ciki ba? Na yi dariya na bar maganar. Amma ba hujjarta ce ta hana ni tambaya ba, tsoro nake kada ya ce a'a in koma zagayen falo.

Mai hoton da Anti ta kira mace ce, wannan shi ya fara kwantar mini da hankali. Jinin Hausawa ce amma haifaffiyar can, Larabcinta ya fi Hausarta nesa ba kusa ba, kowace magana sai ta liƙa mata habibti, wato masoyiyata. Ba ta da shago, ba ta ƙarƙashin kowane kamfani, aikin kanta take yi. Fitilunta da kyamararta a cikin akwati mai taya take jan su gida-gida, ta ɗauki amare da masu suna da 'yan matan da suka gama makaranta. Tana shigowa falon Anti ta miƙo wata jaka ta ce mu saka wayoyinmu a ciki. Wanda ya san bukukuwan can ya san wannan al'ada: a bakin zauren mata ake karɓe duk wata waya mai kyamara, sannan kowa ta cire mayafi ta saki jiki, don an tabbatar ba idon namiji, ba kuma hoton da zai fita. Da na ga ta yi haka sai na ce a raina lallai wannan ta san amana. Aka rufe ƙofa, aka saki labule.

Ta zaunar da ni ta shafe sa'a guda tana yi mini kwalliyar fuska. Ina ƙarƙashin hannunta na tambaye ta, tunda kan za a yanke, wahalar me take sha da gira da leɓe? Ta yi dariya ta ce ban san aikin ba. Wai macen da ta san fuskarta ta yi kyau tsayuwarta daban ce, a kafaɗa da hannu ake gane ta, kuma ba a ɗaukar mutum rabi, sai an ɗauka gaba ɗaya sannan a yanke a kwamfuta. Maganar ta shige ni. Ban tambaye ta kwamfutar wa ba, ban tambaye ta hannun wa ba, don a tunanina mai ɗauka ita ce mai yankewa.

Bayan kwana uku hotuna suka dawo babu kai, abayoyin Anti suka ƙare cikin mako guda. Sai ga saƙon mai hoto a wayata, ni kaɗai, hotuna biyu da fuskata a ciki, ta ce kyauta ce. Edita, ban taɓa ganin kaina haka ba. Fatata sumul, idanuna kamar ba nawa ba, har ɗan tabon da ke gefen girata tun ina yarinya ya ɓace. Na yini ina buɗewa ina rufewa, girki ma sai da ya kama a tukunya. Ranar ban zagaya falo ba ko sau ɗaya.

Daga nan ta fara kirana kai tsaye, ba ta hannun Anti ba. Ta ce tana haɗa samfurin aikinta da za ta riƙa nuna wa amare, mata zalla, tana neman mai fuskar da fitila ke so, kuma duk yawonta ba ta samu kamata ba. Wannan karon ba abaya, rigunan dina ne na amare masu bin jiki, da gyaran gashi. Ba za ta ba ni komai ba, ni ma ba zan ba ta ba, ladana hotuna masu kyau. Ta kama wata istiraha, irin gidajen hutun nan masu doguwar katanga da lambu da ake haya na yini, a wajen Wadi Hanifa. Ƙarfe takwas na safe ta zo da direbanta ta ɗauke ni, kafin azahar ta dawo da ni. Hanyar ta kusa da Dir'iyya take bi, ina hango dogayen injinan ɗaga kaya ta gilashi, na san maigidana yana ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu da hular kwano a ka, cikin ranar nan mai ƙuna. Na ƙara gyara niƙabi, amma ban ce a juya ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce an tilasta ni ba, ko an yi mini dabara na cire abin da ban yi niyya ba. Da hannuna na kwance gashina. Riga mai buɗaɗɗiyar kafaɗa ni na zaɓo ta a cikin jerin. Tana cewa in ɗaga haɓa, in kalli gefe, in yi dariya kamar an ba ni labari, tana ta zuba mini yabo da Larabci, ni kuwa kaina sai kumbura yake. Na ji daɗi, irin daɗin da na daɗe ban ji ba. Sau uku na je. Kowane zuwa takan danna kyamara ba adadi, amma abin da ke dawo mini bai wuce biyar ko shida ba, sauran ta ce ba su yi kyau ba, za ta goge. In na dawo sai in dirje fuskata da sabulu, in cusa tawul ɗin da ya ɓaci a ƙasan kwandon wanki, in ɗora tukunya. Hotunan kuma na ɓoye su a wani lungu na waya mai lambar sirri. Daga baya kiran nata ya ja baya, na ji haushi na kwana biyu, na ce ta samu sabuwar fuska, na ci gaba da harkata.

Wajen wata biyar bayan zuwana na ƙarshe, Anti ta hauro da hantsi, ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta mayar da ƙofa ta murɗa mukulli. Ta ce jiya suna 'yar sa-in-sa da mijinta a kan sana'arta, sai ya ce ta kiyaye shi da harkar hotunan nan, ta dubi abin da ya sami matar injiniya, da idonsa ya ga hotonta babu ɗankwali a cikin albam a kan kantar wani shagon hoto a Batha, kowa na buɗewa. Da ta matsa masa sai ya ja bakinsa ya ce suɓutar baki ce, shi bai ce komai ba. Ta tambaye ni wane hoto ne wannan, ita dai na abaya ta sani. Na zauna a ƙasa daɓas. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: Batha ce, wurin hirar maigidana, kuma dole hoton nan ya bar kantar kafin idonsa ya kai kansa.

Na kira mai hoto har na gaji kafin ta ɗauka. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ai ita ɗauka kawai take yi, ba ta da lokacin zama gaban kwamfuta. Katin kyamarar gaba ɗaya take kai wa wani mutum a Batha, shi ke gyara fata, shi ke yanke kawuna, shi ke wanke hotunan, kuma da yawan masu aiki irin nata haka suke yi. Wai dattijo ne, aikinsa ke nan, bai san ni ba ban san shi ba, mafi mushkila, wato ba matsala. Na ce to jakar wayoyin nan fa, da rufe ƙofa, da sakin labule? Ta ce ai wannan don in saki jiki ne. Na daka mata tsawa na ce ta faɗa mini inda shagon yake, ta ce in kwantar da hankali, gobe za ta je da kanta ta karɓo. Gobe ta zo ta wuce. Na kira ta ce jibi. Daga nan wayar ta daina shiga.

Kwana goma na yi a cikin wannan hali, ban taɓa ganin kwanaki masu tsawonsu ba. Na kasa zaune na kasa tsaye. Batha tana nan a cikin garin da nake, tafiyar da ba ta kai sa'a ba, amma ta fi mini Kano nisa. Ba ni da mota, ban san shagon ba, kuma duk direban Najeriya da zan kira ya san maigidana, kafin in sauka labari ya kai masa. Mijin Anti da ya san wurin ya bi kafilinsa, wato Balaraben da yake yi wa tuƙi, zuwa Dammam na mako guda, ita kuma tana tsoron tambayarsa a waya kada ya gane ita ce ta haɗa ni da mai hoton. Kullum sai na sauka wurinta sau huɗu sau biyar, har ta fara yin kamar ba ta ji ƙwanƙwasa ba. Ko abinci na daina ci. In na ji takun maigida a matakala sai in laɓe bayan ƙofa ina sauraren irin takun, ko na mai fushi ne. Ya shigo ya yi sallama kamar kullum, in bi fuskarsa da kallo ina neman alama, ba na ganin komai sai gajiya.

Da Juma'a ta zo na kwanta na ce ciwon kai, ina nishi, na roƙe shi in an sauko masallaci ya dawo gida kada ya wuce ko'ina. Na tanadi doguwar magiya, amma ko musu bai yi ba. Ya yi sallah a masallacin unguwa ya dawo, ya dafa mini shayi da citta, ya zauna a bakin gado yana karatu. Ina ƙudundune cikin bargo ina yaba wa kaina dabara.

Ranar Talata Anti ta samo kwatance, ban san da wace hikima ba. Muka sa niƙabi muka fito titi, muka tare tasin wani ɗan Asiya da bai san kowa namu ba. Wanda bai taɓa shiga Batha ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Maza ne maƙil ta ko'ina, kowace ƙasa da layinta, ga shagunan waya, ga na akwatuna da barguna, ga motocin bas suna ta hon. Da na ji Hausa ta tashi ta bayana sai in sunkuyar da kai kamar sunana aka kira. Sau biyu muna ɓata kafin mu sami wata siririyar matakala tsakanin mai agogo da mai turare. Shagon ɗan ƙarami ne a sama, irin wanda ake ɗaukar hoton fasfo da yin kwafin iƙama, da benci guda na masu jira. Ga albam ɗin nan a kan kanta, an ɗaure shi da igiya kada a tafi da shi, bangonsa har ya yi baƙi don shan hannu.

Na fizgo shi na hau buɗewa. Amare ne da 'yan mata, farare da baƙaƙe, wasu da ganinsu ka san ba su san suna nan ba. Na kai ƙarshe ban ga kaina ba, na sake dawowa daga farko. Anti tana ta harhaɗa Larabcinta na kasuwa tana yi wa mai shagon bayani. Dattijo ne mai furfura da tabarau. Ya bar ta ta gama, sannan ya dube ni ta 'yar tsagar niƙabi ya ce ya gane ni. Ya ɗora yatsa a gefen girarsa ya ce ni ce mai tabo a nan, ya sha goge shi. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Mutumin da ban taɓa gani ba ya san fuskata fiye da yadda na san ta.

Sai ya ce mun makara, hoton ya bar albam tun wata biyu da suka wuce. Wata Juma'a 'yan Najeriya su huɗu suka shigo yin kwafin takardu, suna jira suna buɗe albam suna raha, sai suka kai wani shafi dariyar ta ɗauke ɗif. Ɗaya ya rufe albam ɗin a hankali, suka karɓi takardunsu suka fita ba mai kallon wani. Washegari dattijon ya zo buɗe shago ya tarar da dogon cikinsu yana jiransa a matakala, da takalmin aiki a ƙafarsa. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ciro kwafin iƙamata ya ajiye a kan kanta ya ce matarsa ce. Ya zare hoton ya sa a aljihu, sannan ya ce a buɗe kwamfuta. Ashe ba abin da aka goge, ɗaruruwan hotunan nan duk suna nan, har waɗanda nake gyara riga, har waɗanda nake hamma. Dattijon ya ce ya so ya share su a dunƙule, amma mutumin ya ce a'a, ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye yana kallo har aka gama. Dattijon ya ce ya ba shi haƙuri, shi ma yana da 'ya'ya mata, ba wanda ya faɗa masa matar aure ce.

Ban san yadda na sauko matakalar ba. A cikin tasi Anti tana ta magana, ni ba abin da nake maimaitawa a raina sai wata biyu. Wata biyu yana cin tuwona, yana ce mini sannu da gida, yana shigo mini da 'ya'yan itace, da wannan abu a cikinsa. Sai a lokacin na lura ya daɗe rabonsa da Batha. Juma'a nawa yana dawowa daga masallaci ya zauna a falo shiru, ni ina can ɗaki ina kallon kaina a waya, ban taɓa tambayarsa me ya raba shi da abokansa ba. Na tuna shayin cittar nan da nishin ƙaryar da na yi masa, kunya ta rufe ni.

Da ya dawo da yamma na bari ya yi wanka ya yi sallah, sannan na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, tun daga abayar farko har shagon Batha. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce kullum in yana hawo bene sai ya ce a ransa yau zan faɗa masa, ya buɗe ƙofa in tare shi da sannu da zuwa. Ya ce da farko ya yi niyyar yanko mini tikiti ya mayar da ni gida, ya kwana uku yana juya abin, sai ya ga in ya bi fushi zai yi abin da ba ya gyaruwa. Mutane ukun da yake tare da su a ranar, har da mijin Anti, duk sun ci abincina da Sallah, na fito na gaishe su, sun san ni. Ba wanda ya ce masa uffan, ba a ranar ba, ba bayanta ba, kuma shirun nasu ne ya kasa zama a cikinsa. Na ce da na tambaye shi tun farko ai hana ni zai yi. Ya ce shi kansa bai san amsar da zai ba ni ba, amma ban ba shi damar ba.

Sannan ya yi mini tambaya biyu. Ya ce akwai wanda ya tilasta ni? Na ce babu. Ya ce na ji daɗi? Na so in yi ƙarya, na ga ƙaryar ta isa haka, na ce na ji. Ya gyaɗa kai ya ce ya sani, ya gani a hotunan, don irin wannan dariyar rabonsa da ganinta a fuskata tun muna gida. Ya ce wannan ne ya fi ƙona masa rai, ba gashin da na buɗe ba. Da duka ya rufe ni da shi da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka har muryata ta dishe, shi kuma ya tashi ya kawo mini ruwa.

Bai sake ni ba, bai kai ƙarata gida ba, har yau iyayena ba su san wannan labari ba. Amma da kwantiraginsa ya ƙare bai sabunta ba, duk da kamfanin sun roƙe shi. Ya bar aikin da ya yi shekara takwas a kai, da mutanen da suka zame masa 'yan'uwa a baƙuwar ƙasa, muka dawo gida ya faro daga ƙasa. Ya ce wa kowa zafin Riyad ne ya ishe shi. Yanzu ina koyarwa a wata makaranta, shi ne ma ya nemo mini aikin, Allah ya ba mu 'ya'ya uku, muna zaune lafiya. Bai taɓa yi mini gori ba ko da wasa. Sai dai tun daga ranar bai ƙara ɗaukata hoto ba. Ranar Sallah zai jera yara ya yi ta ɗaukarsu, da na matso zan shiga tsakiyarsu sai ya sauke wayar a hankali ya ce rana ta yi, a tafi gaisuwa. Ban taɓa yi masa magana a kai ba, ba ni da bakin yi.

Mai hoton kuwa ban sake jin ɗuriyarta ba. Na san akwai kwafi a hannunta, ban san inda ta kai su ba, ban kuma san ko dattijon nan ya taɓa ba wani kafin zuwan maigidana ba. Har yau in baƙuwar lamba ta turo mini saƙo sai gabana ya faɗi kafin in buɗe.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan mai hoto, da Anti, da kaɗaicin gidan nan, kuma kowannensu yana da nasa kason. Amma ni ce na yi tambaya ɗaya aka ba ni amsa mai daɗi na yi shiru, don ba na son jin sauran. 'Yan'uwana mata, musamman masu zaman aure a ƙasashen waje da ke yini tsakanin bango huɗu, na san wannan gundurar, ba zan ce muku ba ta cin rai ba. Amma ku sani rufe ƙofa da karɓe wayoyi ba su ne ƙarshen tafiyar hoto ba. Kafin ki kwance ɗankwali ki tambayi mai kyamara wa zai gyara, wa zai wanke, ina sauran za su kwana, in ta amsa miki da habibti da dariya ki ɗauki mayafinki. Ku kuma maza, in kun dawo ku riƙa tambayar matanku yadda suka yini, ku saurari amsar. Ke kuma 'yar'uwa, duk ranar da kika kama kanki kina dirje fuska da sabulu don kin ji lokacin dawowarsa ya yi, to ki faɗa masa a ranar da bakinki, komai ɗacinta. Ni ban faɗa ba sai da wani baƙon dattijo ya sanar da ni cewa mijina ya riga ni zuwa, kuma ko maƙiyiyata ba na yi wa fatan tsayuwa a gaban wannan kanta.